Yadda ake zaɓen hanya a duwatsun Sarawat idan za ka tashi gida kana jan mota a baya

Wanda zai kwashe kayansa daga Jidda ko Makka ya koma Ɗa'if, Baha ko Abha, ko ya sauko daga can, dole ya gamu da hawa ko saukar duwatsun Sarawat na yammacin Saudiyya, sau da yawa ta aƙaba, wato hanya mai kwane-kwane da aka sara a jikin dutse. Tun rusau ɗin da aka yi a unguwannin Jidda irin su Gulail, Sabil da Karantina a 2022, tashin gida ya zama ruwan dare a tsakanin mutanenmu, wasu sun canza unguwa, wasu sun canza gari gaba ɗaya. Sau da yawa gidan yana da mota biyu amma direba ɗaya, ko kuwa ɗaya motar ta daɗe a kwance ba ta tashi, sai a ce a ɗaura ta a baya a tafi da ita. A shimfiɗaɗɗiyar hanya wannan ba abin tashin hankali ba ne. A kan dutse kuwa lissafin daban ne, kuma tun a gida ake yinsa, kafin a tayar da inji.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu: mai jan mota yana zaɓen hanya ne da gangararta. Tsawonta da kuɗin man da za ta ci suna biyo baya. Wayarka ba ta san kana jan tan biyu a bayanka ba, gajeriyar hanya kawai take nema maka, kuma a wannan yanki gajeriyar hanya ita ce wadda ta fi tsayuwa a tsaye.

Fara da sanin abin da kake ja

Kafin ka buɗe taswira, buɗe littafin motar da za ta yi jan. Akwai shafin da kamfani ya rubuta iyakar nauyin da za ta iya ja, kuma lamba biyu za ka gani: ɗaya ta tirela mai birkin kanta, ɗaya ta marar birki. Ta marar birki a yawancin motoci ba ta wuce kilo 750 ba. Yanzu ka yi lissafi. Camry ita kaɗai tana kai kilo 1,500 ko kusa da haka, tirelar da za ta ɗauke ta kuma ba ta rasa ɗaruruwan kilo, ka ga an haura tan biyu tun ba a saka ko tabarma a ciki ba. Ashe duk tirelar da za ta ɗauki mota, dole ta kasance mai birki. Idan wadda ka samu aro ba ta da shi, maganar aƙaba ta mutu daga nan.

Mutanenmu kuma suna da wata ɗabi'a, su mayar da motar da ake ja rumbu. A cika ta da buhun shinkafa, tukwane, na'urar sanyaya ɗaki, dardumai, har but ya ƙi rufuwa. Duk wannan nauyi ne da birkinka zai riƙe a gangara. Kayan gida na dina ne, wato motar ɗaukar kaya. Tukunyar gas kuwa kada ta kwana ko ta yi tafiya a cikin rufaffiyar mota a zafin nan.

Hanyoyin jan iri uku ne da ake gani. Akwai tirela mai ɗaukar motar gaba ɗaya, tayoyi huɗu a sama, ita ce ta fi. Akwai ƙaramar kura mai ɗaga tayoyin gaba kawai, na baya suna bin ƙasa. Wannan tana yi wa motar da injinta ke juya tayoyin gaba, amma mai juya na baya ko mai juya huɗu, musamman otomatik, za ta iya ƙona giyarta, domin famfon man giya ba ya aiki sai inji yana kunne. Sai ja da igiya ko sarƙa, wani yana zaune a motar baya yana riƙe da sitiyari. Wannan na fitar da mota ne daga titi zuwa garejin da ke kusa. Motar da injinta yake a kashe, birkinta yana taurara bayan taku biyu ko uku, sitiyarinta ma ya yi nauyi, a gangara kuma ita za ta riƙa bin ka tana neman ta hau ka. Wanda ya ce maka ya taɓa saukowa Hada, aƙabar da ke tsakanin Ɗa'if da Makka, da igiya lafiya, ka taya shi godiya ga Allah, kada ka yi koyi da shi.

Yadda ƙasar take kwance

Wannan ne wurin da ya kamata ka daɗe, domin wanda ya gane shi ya gane rabin aikin. Yammacin Saudiyya hawa uku ne. Akwai Tihama, shimfiɗar bakin Bahar Maliya, inda Jidda, Lis, Ƙunfuza da Jizan suke. Akwai doron Sarawat, inda Ɗa'if, Baha, Namas da Abha suke. Sai kuma tudun Najad da ya miƙe gabas har Riyad. Makka ba ta kai mita 300 sama da teku ba. Ɗa'if tana wajen mita 1,800, Hada ta kai 2,000, Abha wajen 2,200, dutsen Suda kuma yana kusa da 3,000.

Duwatsun nan ta yamma kamar katanga suke, a tsaye cak. Ta gabas kuwa a hankali ƙasar take zubewa, ka yi ɗaruruwan kilomita kana sauka ba ka ma sani ba. Saboda haka duk aƙabobin da ake tsoro suna fuskar yamma ne, tsakanin Tihama da doron dutse. Wanda ya taso daga Riyad zuwa Ɗa'if a kan babbar hanya mai lamba 40, gangarar da zai lura da ita sosai ita ce ta dutsen Ɗuwaiƙ wajen Ƙiddiyya, jim kaɗan da barin gari, daga nan sai miƙaƙƙiyar hanya. Haka wanda ya bi ta Wadi Dawasir zuwa Hamis Mushaiɗ, zai isa saman dutse ba tare da ya hau aƙaba ba. Tambayar da za ka yi wa kanka ke nan: tafiyata tana tsallaka katangar yamma? Idan tana tsallakawa, a ina katangar ta fi kwanciya?

Tsakanin Makka da Ɗa'if amsar a fili take. Hanyar Hada, wadda ta bi ta gefen Arfa ta hau dutsen Kara, ita ce gajeriya kuma ita ce mai kyan kallo, amma cikin kilomita 20 da ɗoriya take hawa da kai sama da mita dubu, kwana kan kwana. An hana manyan motocin kaya bin ta, kuma ana rufe ta idan hazo ya yi yawa ko ruwa ya zubo da duwatsu. Hanyar Sail, wadda ta bi ta Sailul Kabir inda miƙatin Ƙarnul Manazil yake, ta fi tsawo, amma ta raba hawan a kan tafiya mai nisa, kuma ita manyan motoci suke bi. Mai jan mota babban mota ne ko da Hilux yake tuƙi. Ka bi Sail. Bambancin lokacin bai kai abin da za ka ɓata a gefen Hada kana jiran inji ya huce, gwaggon birai suna zagaya kayanka ba.

Kudu ta fi wuyar sha'ani. Daga Jidda zuwa Abha za ka iya bin hanyar bakin teku mai lamba 5, shimfiɗaɗɗiya har ka gaji, amma a ƙarshe sai ka hau: ko ta Muhayil ka bi aƙabar Sha'ar, ko ka ci gaba zuwa Darb ka bi aƙabar Dila. Baha kuma ana hawa mata daga Mahwa ta aƙabar Sarki Fahad mai ramukan dutse da gadoji rututu. Duk waɗannan hanyoyi ne da aka kashe wa kuɗi, amma kwalta mai kyau ba ta rage tsayin dutse. A aƙabar Sha'ar ne a watan Maris na 2023, cikin azumi, bas ɗin masu zuwa Umra ya yi hatsari ya kama da wuta, aƙalla mutum 20 suka rasu, kuma rahotanni sun danganta abin da matsalar birki. Allah Ya jiƙansu. Aƙabar Samma, wadda ta sauko daga Suda zuwa Rijal Alma, ita ko a lissafi kada ka saka ta. Ƙaramar mota da ba ta jan komai ma a giya ta ɗaya ko ta biyu take saukarta.

Akwai zaɓi biyu ga wanda ya hau Ɗa'if ta Sail yana son ya nufi kudu. Na farko hanya mai lamba 15 da ta bi doron dutsen ta Baha, Baljurashi da Namas har Abha. Ba ta da aƙaba guda babba, sai dai hawa da sauka ba iyaka, kwanoni, garuruwa, tudun rage gudu, da hazo. Na biyu shi ne ka zagaya ta bayan dutse, ta Hurma, Ranya da Bisha, ka shigo Hamis Mushaiɗ. Ta fi nisa, ta fi kaɗaici, babu abin kallo sai sahara, amma ni da kaya a baya ita zan bi. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Tsakanin Makka ko Jidda da Madina babu irin wannan katanga. Hanyar Hijira doguwa ce mai faɗi, abin da za ka kiyaye a kanta shi ne zafi, barci da iskar manyan motoci.

Yadda ake karanta hanya a waya

Buɗe Google Maps, ka saka inda za ka, amma kada ka karɓi layin farko da ta ba ka. Juya taswirar zuwa yanayin da ke nuna tudu da kwari, sannan ka juya ta zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ka matso da hoton kusa a duk inda hanya ta fara lanƙwasa. Inda ka ga layi yana komawa kansa yana sake komawa, aƙaba ce. Duba ko hanyar biyu ce ko ɗaya, ko akwai fili a gefe da za a iya tsayawa, ko akwai gidan mai kafin a fara hawa.

Allon hanya yana nuna gangara da kashi cikin ɗari. Kashi 6 yana nufin a kowace mita 100 da ka yi gaba ka sauka mita 6. A ido ba komai ba ne. To ka ɗauka gangarar ta yi kilomita 20 a haka: ka sauka mita 1,200 ke nan, kuma duk wannan saukar, idan ba inji ne ya riƙe ta ba, birki ne zai mayar da ita zafi. Shi ya sa gajeriyar gangara mai tsanani ta fi sauƙi a kan doguwa mai matsakaicin tsanani. Tsawon gangarar kake dubawa tare da kashinta.

Idan ka tsayar da shawara, ka ɗaure wayar a kan hanyar da ka zaɓa. Saka Sailul Kabir, ko Ranya da Bisha, a matsayin wuraren tsayawa a cikin tafiyar. Idan ba ka yi haka ba, da zarar ta ga cunkoso a gaba za ta ce ta samo maka hanya mafi sauri, ka bi muryarta cikin dare ka tsinci kanka a bakin aƙaba inda tirela ba ta juyawa. Sauke taswirar yankin a wayar tun a gida, domin sabis yana ɗaukewa a cikin kwaruruka, ka kuma rubuta sunayen garuruwan a jere a takarda da Larabci yadda suke a allunan hanya.

Bayan waya sai mutane. Direbobin sadaha, wato motar da ke ɗaukar wata mota a bayanta, da na dina suna bin hanyoyin nan kullum, kuma sun san inda ake gyara, inda aka karkatar da hanya, da sa'o'in da ake barin manyan motoci su wuce, domin wasu aƙabobin an hana su sam, wasu an yanka musu lokaci. Amma ka iya tambaya. Idan ka ce, "Alhaji, hanyar nan tana da kyau?" zai ce maka lafiya lau, domin shi a wurinsa lafiya lau ce. Ka ce masa, "Alhaji, da mota a baya, a giya ta nawa kake saukowa, kuma minti nawa gangarar take ci?" A nan ne zai gyara zama ya ba ka amsa. Hukumar kula da hanyoyi tana da lambar 938 da ake kira a ji halin hanya, jami'an tsaron hanya kuma 996, ko 911 a yankunan Makka, Madina da Riyad. Ajiye su a waya.

Rana da sa'a

Lokacin tashi wani ɓangare ne na zaɓen hanya, domin hanya ɗaya ce da asuba, wata ce daban da la'asar. Ka shirya yadda za ka iso gindin hawa ko bakin gangara da sanyin safiya, bayan sallar asuba gari ya waye. A bazara zafin Makka da Tihama yana haura digiri 40 da nisa, hawa dutse da kaya da azahar kuwa neman tafasar lagireto ne. A duwatsun Asir da Baha hadari ya fi haɗuwa da yamma, hazo kuma yana iya rufe hanya cikin 'yan mintuna har ka daina ganin fitilar na gabanka, musamman da sanyi. Dubi sanarwar cibiyar hasashen yanayi ta ƙasa daren da za ka tashi, ka sake dubawa da safe. Idan an yi gargaɗin ruwa, ɗaga tafiyar. Ruwan da ya sauka a saman dutse yana isowa kwarurukan Tihama a matsayin ambaliya ko da sama tana tas a inda kake.

Kauce wa yammacin Alhamis da ranakun hutun makaranta na bazara, lokacin da kowa yake gudun zafi zuwa Ɗa'if da Abha. Goman ƙarshe na azumi hanyoyin Makka a cike suke. Lokacin Hajji kuwa ana tsare ƙofofin Makka, ba a shiga sai da izini, don haka tashin gidan da ya ratsa ta can a bar shi sai alhazai sun watse. Tafiyar dare a hanyoyin bayan dutse tana da nata haɗarin, raƙuma, kuma mai ja ba ya iya kaucewa da sauri.

Takardu a taƙaice: istimara (takardar rajistar mota) da inshorar motocin biyu, fahas (takardar gwajin lafiyar mota) mai rai, iƙama (katin izinin zama), da izinin tuƙi ta manhajar gwamnati ta Absher idan motar ba da sunanka take ba. Ka leƙa ofishin murur, wato 'yan sandan kula da zirga-zirgar motoci, ka tambayi sharuɗɗan jan tirela da lasisin da kake riƙe da shi kafin ranar, kada a shingen bincike ka fara jin labari.

Motar da za ta yi jan

Kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ka ce masa aƙaba za ka bi da kaya. Ya duba takalman birki, ya duba man birki. Man birki yana shan danshi a hankali, wanda ya haura shekara biyu kuma yana saurin tafasa idan ya yi zafi, sai ka taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Canza shi ba tsada. Ya duba ruwan lagireto, fanka, bel da man giya. Tayoyin tirela su ne aka fi mantawa da su: suna iya zama da zane mai kyau amma rana ta gasa su sun tsattsage. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka tsaya a banshar, wato wurin mai faci, a daidaita iska tayoyin suna sanyi, har da safaya.

Ka sani kuma injin da ba shi da tabo (turbo) yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ya hau, saboda iska tana sirancewa. A tsayin Abha kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Motar da ke jan kayan da kyar a Jidda ba za ta kai su can ba.

Wajen ɗora motar, ɓangaren inji ya kasance a gaba, yadda nauyi zai ɗan rinjaya gaban tayoyin tirela, wajen kashi 10 cikin 100 na dukan nauyin yana danne ƙugiyar jan. Idan nauyi ya koma baya, tirela za ta fara kaɗa wutsiya da zarar ka ɗauki gudu. Ɗaure tayoyi huɗu da bel mai ƙarfi, sarƙoƙin kariya biyu a gicciye ƙarƙashin ƙugiya, ka sa yaro ya tsaya a baya ya gaya maka ko fitilun birki da sigina suna kamawa. Bayan kilomita 15 ko 20 na farko ka tsaya ka ƙara ɗaure bel, domin kaya suna zama su yi sako-sako. Kada kowa ya zauna a motar da ake ja, ko da yara sun yi kuka. Idan da hali ma iyali su yi gaba a bas ko a motar ɗan'uwa, nauyi ya ragu, hankalinka ya tattaru wuri ɗaya.

Hawa

Sha mai ka cika tanki kafin gindin dutse. Kama layin dama, ka sauke giya tun kafin inji ya fara nishi, idan otomatik ce ka riƙe ta a giya ɗaya da hannu don kada ta riƙa hawa da sauka tana dafa manta. Kashe na'urar sanyi, buɗe gilashi, idonka a kan allurar zafi. Idan ta fara tashi, kunna hita har ƙarshe, za ta janye wani zafin daga inji, ka nemi fili mai faɗi ka tsaya, ka bar injin yana aiki a hankali har allurar ta sauko. Kada ka buɗe murfin lagireto yana zafi. Duk inda ka tsaya a kan tudu, weji a bayan taya kafin komai. 'Yan bayanka za su yi hon, su yi maka fitila. Bar su, idan ka sami wuri ka ba su hanya.

Sauka

Nan ne ake asara, don haka kafin bakin gangara ka tsaya cak. Mai saukowa daga Ɗa'if ta Sail yana da wurin tsayawa mai kyau a wajen miƙati, ga fili ga masallaci ga banɗaki. Zagaya motar. Taɓa bel, duba ƙugiya da filogin fitila, kusanta bayan hannunka da kowace taya ka ji ko wata ta fi sauran zafi. Wadda ta fi zafi tana da magana, ko birkinta yana kamawa ko boris ɗinta ya bushe.

Sannan ka saka giyar da za ka hau wannan dutsen da ita, ko wadda ke ƙasa da ita, tun kana kan shimfiɗa. Inji zai yi ƙara, allurar juyawa ta tashi, wannan ƙarar ita ce aikin da yake ɗauke wa birki. Kada ka saka furi, kada ka sauko da ƙafa a kan kuloci. Zaɓi gudun da ba za ka wuce ba, a ce 40. Idan mota ta kai 40, taka birki da ƙarfi daidai har ta dawo 30, sannan ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, birki ya sha iska. Ta sake kaiwa 40, ka maimaita. Abin da ke kashe birki shi ne ɗora ƙafa a kansa a hankali ba ɗauka tun daga sama har ƙasa. Idan ka ga kana takawa a kai a kai ba hutu, giyar ta yi sama, rage gudu ka sauke wata. Rage gudu kafin kwana, kana kan miƙe, domin taka birki a tsakiyar kwana yana sa tirela ta turo bayan motarka waje. A kwana mai tsanani ka ɗan buɗe, tayoyin tirela suna yanke kwana fiye da naka.

Hancinka ma'aikaci ne a nan. Warin ƙuna, feda da ta fara laushi ko ta fara nisa, duk suna cewa ka tsaya yanzu, a fili na farko, tun birkin yana da sauran rai. Saka weji da giya, ka bar shi ya huce da kansa, rabin sa'a ko fiye, kada ka watsa masa ruwa, ƙarfen yana iya lanƙwasa ko ya tsage. Idan tirela ta fara kaɗawa, riƙe sitiyari a miƙe, ɗauke ƙafa daga totur, kada ka bi ta da murɗa sitiyari. Inda aka yi hanyar tsira mai yashi ko tsakuwa a gefen gangara, ka lura da allunanta tun kana wucewa, kuma idan birki ya tafi ka shige ta kai tsaye ba tare da tunanin abin da zai sami motar ba. A cikin ramukan dutse kunna fitila, cire tabarau, ka ƙara tazara. A hazo ƙaramar fitila ake kunnawa, babbar tana dawo maka da haske a ido.

Idan lissafin ya ƙi

Wani lokaci za ka auna ka ga motarka ba ta kai ba, ko gidan da za ka koma ba shi da wata hanya sai aƙaba. Idan motar da ake ja tana tashi, dabara mai sauƙi ita ce a sauke ta a bakin dutse, wani mai lasisi ya tuƙa ta ya hau ko ya sauka, kai ka biyo da tirela babu kaya, a sake ɗorawa a shimfiɗa. Idan ba ta tashi, ka kira sadaha. A ƙasar nan ba abin da ya fi sadaha yawa, kuma akwai masu jigilar motoci tsakanin garuruwa da suke haɗa da yawa a tirela ɗaya, kuɗin ya sauko. Ka tara kuɗin hayar tirela, ƙarin man da za ka sha a zagaye, takalman birki da wahalar giya, ka gwada da abin da mai sadaha ya faɗa, sau da yawa ratar ba ta taka kara ta karya ba. Ku yi ciniki a kan ƙofa zuwa ƙofa, ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin a ɗora, ka cire takardu da duk abin daraja daga ciki, ka kuma tambaye shi ta wace hanya zai bi.

Kilomita na ƙarshe ma a saka shi a lissafi. Unguwanni da yawa a Makka, Ɗa'if da Abha a jikin dutse suke, lunguna matsattsu, motoci a fake hagu da dama, ga tudun da ya fi na babbar hanya tsayuwa. Tirela ba ta komawa da baya a irin wannan wuri sai da gwani. Ka sa wanda ke can ya nemo maka fili shimfiɗaɗɗe kusa da babban titi, gidan mai ko harabar masallaci a lokacin da ba na salla ba, a sauke motar a nan. Tirela tana haɗe da motar ja, birkin hannu a ɗaure, weji a tayoyi, sannan a kwance bel na gaba da na baya, mutum ɗaya a sitiyari, mutum ɗaya yana ba shi hannu, sauran su ja da yara gefe.